Faifan tsohuwar kwamfuta ya gaza: wani tsohon IDE za ka nemo, katin CF, ko SSD?

Akwai kwamfutocin da suka haura shekara ashirin amma har yau masu su ba za su iya rabuwa da su ba. Wata ita ke tuƙa injin yanka ko na ɗab'i ta wani kati da ba ya shiga sabuwar kwamfuta, wata kuma tana ɗauke da manhajar da ba ta tashi sai a Windows 98 ko XP. Ranar da irin wannan ta wayi gari tana rubuta Disk boot failure, ko ta maƙale a shuɗin allo, abin da ke fara zuwa ran mai ita shi ne faifai, wato hard disk ɗin da ke ajiye komai a cikinta, ya mutu, a nemo wani. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma na sha ganin an cire faifai lafiyayye an sa wani, matsala tana nan daram, saboda tun farko laifin na kebul ne, ko na BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, ko na direba, wato ƙaramar manhajar nan da ke yi wa Windows tafinta idan za ta yi magana da faifai. Shi ya sa kafin a zo ga abin da za a saya, sai an fara gano mai laifi.

Fara da kunne. Buɗe akwatin, ka kunna, ka ɗora yatsa a kan faifan. Lafiyayye za ka ji ya ɗauki juyi, ya ɗan yi kas-kas na daƙiƙa biyu, ya daidaita. Idan ka ji yana ƙwanƙwasa iri ɗaya yana maimaitawa, ko ya tashi ya mutu ya sake tashi, to ko dai kan karatunsa ya lalace, ko wuta ba ta isarsa. Faifai mai inci 3.5 da bolt 12 na wayar nan mai ruwan ɗorawa yake juya motarsa, jar wayar kuma bolt 5 take ba allonsa. Tsohon akwatin wuta da kafasitocinsa suka kumbura yakan kasa ɗaukar nauyin tashin farko, sai faifai ya yi ta kukan da ba nasa ba. Gwada shi da wani akwatin wutar kafin ka yanke masa hukunci.

Daga nan sai BIOS. Idan sunan faifan ya fito daidai da girmansa, rabin damuwa ta tafi. Idan bai fito ba, ko ya fito da haruffa a hargitse, duba kebul da jampa, 'yar hular robar nan da ke bayan faifan wadda ke nuna shi ne babba a kan kebul ko ƙarami. Faifai biyu a kebul ɗaya, kowanne an sa shi a matsayin babba, sau da yawa ba wanda zai fito cikinsu. Tsofaffin faifan Western Digital ma suna da nasu hali: idan faifan shi kaɗai ne a kebul, cire jampar ake yi gaba ɗaya, in ba haka ba kwamfuta ta daɗe tana lalube kafin ta gan shi. Kada kuma a manta da batirin CR2032 da ke kan madabod, wato babban allon kwamfutar. Idan ya mutu agogo ya koma baya, BIOS ya manta duk abin da aka saita masa, kuma a kwamfutocin farkon shekarun 1990 da ake shigar da lissafin faifai da hannu, mantuwar nan kaɗai ta isa ta sa faifai ya ɓace.

Idan kwamfutar tana tashi ko da da ƙyar ne, karanta bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, da manhaja irin CrystalDiskInfo ko smartctl. Lambobi huɗu nake dubawa. Lamba 05 tana ƙirga sektoci, wato ƙananan gurabun ajiya na faifai, da suka lalace aka musanya su, C5 waɗanda faifan ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda za ta kaya, C6 waɗanda suka gagara gyara. Waɗannan ukun ciwon jikin faifan ne. Ta huɗun, C7, daban take: kurakuran da suka faru a kan hanya take ƙirgawa, tsakanin faifai da madabod, kuma kusan kullum kebul take nunawa da yatsa.

An taɓa kawo mini wata Pentium 4 mai Windows XP, wai faifanta ya tsufa. Buɗe fayil ɗaya sai ka ga kibiyar linzami tana tsalle, sauti yana kakkatsewa, fitilar faifai a kunne ba ta ƙiftawa. Da na duba, 05 da C5 duk sifili, C7 kuwa ta yi sama. Na shiga Device Manager, na buɗe Primary IDE Channel (IDE ita ce tsohuwar hanyar haɗa faifai da madabod ta faffaɗan kebul), sai ga shi an rubuta PIO Mode a inda ya kamata a ga Ultra DMA, hanya mai sauri da ba ta bi ta hannun furosesa. Haka XP take: idan ta yi ta cin karo da kurakurai a hanyar faifai har suka kai shida, sai ta rage gudu, daga ƙarshe ta koma tsohuwar hanyar PIO, inda kowane ɗigon bayani sai ya bi ta hannun furosesa. Kuma ba ta komawa da kanta. Da na zare kebul ɗin na ɗaga shi ga haske, sai na ga inda aka naɗe shi a ƙarƙashin kejin faifai ya tsage, wayoyi biyu sun fito fili. Sabon kebul mai waya 80, na cire tashar IDE ɗin daga Device Manager, na sake kunnawa, Windows ta ɗora ta sabuwa, kwamfuta ta dawo hayyacinta. Faifan nan bai yi laifin komai ba. Kebul mai waya 40 da mai waya 80 bakinsu ɗaya ne, haƙora 40, amma mai waya 40 ba ya barin gudu ya wuce megabait 33 a daƙiƙa. Shuɗin kai na madabod ne, baƙi na babban faifai, ruwan toka na ƙarami, kuma tsawonsa bai kamata ya wuce inci 18 ba.

Windows 95 da 98 su ma suna da irin wannan ja da baya. Idan direban ESDI_506.PDR ya kasa tashi, sai su koma amfani da BIOS kai tsaye, a shafin Performance ka ga an rubuta MS-DOS compatibility mode. Fayil ɗin IOS.LOG a cikin jakar Windows yakan faɗi dalili, wani lokaci kuma wata alama ce mai suna NOIDE ta maƙale a rajista, sai an goge ta.

To, a ce an tabbatar faifan ne. Abu na farko, kada ka sakar masa manhajojin duba faifai irin chkdsk ko ScanDisk, domin tilasta wa majinyaci gudu ne. Haɗa shi da wata kwamfuta, ka kwafe hotonsa, wato kwafin duk abin da ke cikinsa gaba ɗaya, da manhajar GNU ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi kafin ta dawo kan masu wuya, tana kuma ajiye taswirar inda ta tsaya. Sai bayan nan ne maganar magaji ta taso.

Ma'aunin da za a auna magajin da shi ba sauri ba ne, ba kuma girma ba. Tambaya biyu ce: BIOS ɗin nan zai gan shi? Windows ɗin da ke ciki za ta iya magana da shi da direban da take da shi? Tsofaffin BIOS suna da shingaye da aka sani. Na kafin wajajen 1994 ba sa wuce megabait 528, domin lissafinsu ya tsaya a silinda 1024, kai 16, sekta 63. Na bayansu da yawa sun tsaya a gigabait 8.4. Wasu BIOS na Award na ƙarshen shekarun 1990 suna daskarewa ƙam idan faifai ya wuce gigabait 33.8, shi ya sa faifan wancan zamani suke da jampar da ke rage su zuwa 32. Shinge na ƙarshe, kuma mafi haɗari, shi ne gigabait 137. Windows XP sai daga Service Pack 1 ta iya tsallake shi, Windows 2000 sai da Service Pack 3 da gyaran EnableBigLba a rajista. Windows 98 kuwa direbanta bai san abin da ke bayan wannan iyaka ba sam. Za ta karɓi babban faifai ba musu, ta yi wata da watanni lafiya, ranar da rubutu ya tsallake iyakar sai ya zagayo ya faɗa kan farkon faifan, ya shafe abin da ke can. Duk wanda zai sa wa Windows 98 faifai, ya tsaya ƙasa da 137.

Hanya ta farko ita ce a nemo wani faifan IDE irin wanda ya mutu. Ba adafta, ba sabon direba, BIOS ya san shi, kwafe ka mayar. Ga wanda aikinsa ya tsaya cik kuma yana da ɗaya a aljihun tebur, ba laifi ya sa shi a ci gaba da aiki. Amma an daina ƙera su sama da shekara goma, don haka duk wanda ka samu ko dai ya sha aiki, ko ya daɗe a ajiye man motarsa ya bushe. Waɗanda ake tallatawa da sunan sababbi ma, wasunsu tsofaffi ne da aka goge musu lissafin SMART. Ni ina ɗaukar wannan a matsayin aron lokaci, na 'yan makonni, kafin a shirya abin da zai daɗe.

Hanya ta biyu katin CompactFlash ne, wato CF, katin ajiya irin na kyamara, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mutane da yawa ba su san dalilin da ya sa ya dace da tsofaffin kwamfutoci haka ba. SanDisk ce ta fito da shi a 1994, kuma tun daga tushe an gina shi ya iya yaren IDE. Adaftarsa ba ta da wata ƙwaya mai fassara a cikinta, wayoyi ne kawai da ke haɗa haƙoran katin 50 da haƙoran IDE 40, sai 'yar hanyar wuta, galibi irin ta fulofi. A idon BIOS faifai ne kamar kowane. Ga shi ana samun ƙanana, megabait 512, gigabait 2, 4, 8, daidai bakin shingayen nan. Ba ƙara, ba zafi, kuma idan kana son zuba fayiloli sai ka zare katin ka sa a sabuwar kwamfuta. Ga 386, 486 da Pentium na farko masu DOS, Windows 3.1 ko 95, ban san abin da ya fi shi ba. Tsarin ajiyar fayil na DOS, FAT16, dama gigabait 2 ne iyakar kowane fatishan, wato yankin da ake yanka a faifai, to me za a yi da babban faifai?

Sai dai yana da sharuɗɗa. Yi fatishan da fomatin a cikin tsohuwar kwamfutar kanta, kada ka yi a sabuwa, domin lissafin silinda da kai da tsohon BIOS zai ba katin yana iya saɓawa da na sabuwa, sai ka ga ana karanta fayiloli amma ba ya tashi. Idan ya ƙi tashi bayan format c: /s, umarnin fdisk /mbr yakan warware. Wasu adaftoci masu araha ba a haɗa musu wayoyin DMA ba, idan ka kunna DMA a Windows 98 sai ta daskare. Babban cikas kuma shi ne katunan da aka yi don kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa. DOS ba ruwanta da wannan. XP kuwa ta damu: fatishan na farko kawai za ta nuna, kuma ba ta yarda ta ajiye fayil ɗin musayar ƙwaƙwalwa a kai. Katunan masana'antu, waɗanda ake rubuta Industrial a jikinsu, galibi suna zuwa a matsayin kafaffen faifai, ƙwayoyinsu kuma sun fi jure rubutu. Ko da su, ba na ba da shawarar CF ga XP. Tana yawan ƙananan rubuce-rubuce ba dare ba rana, katin kyamara kuma an yi shi ne don manyan hotuna a jere, sai ka ji kwamfuta tana tsayawa tana numfashi.

Akwai adaftar katin SD ma. Ita tana da ƙwaya mai fassara, tana ɓoye maganar abin cirewa, katunanta kuma sun fi sauƙin samu, amma gudunta kaɗan ne kuma katin SD ya fi saurin gajiya. Madadin CF ce ga DOS da 98 idan CF ya yi wuya.

Hanya ta uku ita ce SSD, faifan zamani da ba ya juyi, mai bakin SATA da ya gaji IDE, tare da 'yar adaftar da ake maƙala masa a baya, ta mayar da shi IDE. Wannan ita ce zaɓina ga Pentium III, Pentium 4 da Athlon masu Windows 2000 ko XP, kuma dalilin na direba ne. Mai kula da faifai da ke kan madabod bai canza ba, direbansa bai canza ba, Windows ba ta ma san an yi wani abu ba. Ka kwafe hoton tsohon faifai ka zuba a SSD, ka kunna, ta tashi. Gudun ba zai wuce abin da tashar IDE ke iya ɗauka ba, megabait 33, 66, 100 ko 133 a daƙiƙa, amma ba a nan daɗin yake ba. Faifai mai juyi yana ɓata lokaci ne wajen kai hannu ya nemo fayil, SSD kuwa ba ya nema, don haka kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi za ka ga ta shirya kafin ka gyara zama. SSD mai gigabait 120 ko 128 yana ƙasa da shingen 137, ya dace har da Windows 98 idan BIOS ya wuce shingen 33.8.

Adaftocin ba ɗaya ba ne. Mafi yawa ƙwayar JMicron JM20330 ce a cikinsu, wasu kuma Marvell 88SA8052, kuma a nawa aikin ta Marvell ta fi zama lafiya da tsofaffin madabod, musamman idan za a haɗa ta da na'urar CD a kebul ɗaya. Nemi mai jampa, ka ba ta kebul nata ita kaɗai idan da hali. A lura kuma wasu hanya ɗaya suke bi: akwai mai sa faifan SATA a madabod na IDE, akwai mai yin akasin haka. Ga laftof mai haƙora 44, akwai akwati mai siffar faifan inci 2.5 da ake sa ƙaramin SSD na mSATA a ciki.

Abu biyu ake faɗa a kan SSD da XP, kuma duka gaskiya ne. XP ba ta san TRIM ba, umarnin da ke sanar da SSD wuraren da aka goge, sai daga Windows 7 aka fara. Kuma tana fara fatishan a sekta ta 63, wadda ba ta yi daidai da shafukan SSD ba, sai rubutu ɗaya ya zama biyu. Maganin na biyun shi ne a yanka fatishan da Windows 7 ko GParted, ya fara a sekta ta 2048, sannan a ɗora XP a kai. Na farkon kuma, a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na SSD ɗin ba fatishan, a daina yi masa defrag. Aikin tsohuwar kwamfuta bai kai ya gajiyar da shi ba.

Hanya ta huɗu katin SATA ne da ake sokawa a ramin PCI, irin masu ƙwayar Silicon Image SiI3112 da SiI3114, ko VIA VT6421. A takarda ya fi kowa: yana da nasa BIOS, don haka shingayen madabod ba su shafe shi ba. A aikace shi ne ya fi kawo ciwon kai, domin sabon mai kula da faifai ne, kuma Windows ba ta da direbansa. Idan ka kwafe XP ka haɗa ta da katin kai tsaye, shuɗin allo mai lamba 0x0000007B ne zai tarbe ka, ma'anarsa Windows ta fara tashi sai ta rasa hanyar komawa ga faifan da ta taso daga ciki. Dabarar ita ce a soka katin tun tsohon faifai yana aiki, a ɗora direbansa, sannan a kwafe. Idan tsohon ya riga ya mutu, sai sabuwar ɗorawa: a danna F6 a farkon saitin XP, a ba ta direba daga fulofi, domin fulofi kaɗai ta sani, ko a cusa direban cikin CD ɗin da nLite. Wasu katunan ma da BIOS na RAID, na haɗa faifai da yawa wuri guda, suke zuwa, wasu ba su da BIOS ɗin tashi ko kaɗan. Ramin PCI kuma megabait 133 a daƙiƙa ne ake rabawa tsakanin duk katunan da ke kai, don haka saurin da ya ɗara na adafta ba wani abin a zo a gani ba ne. Ina komawa gare shi ne kawai idan tashar IDE ta madabod ta ƙone, ko ana bukatar faifai babba don ajiya ba don tashi ba.

Wannan lamba 0x0000007B tana yawan fitowa a kwamfutocin wajajen 2005 zuwa 2010 ma, waɗanda ke da SATA a jikinsu, ba tare da an taɓa komai ba. Batiri ya mutu, BIOS ya koma saitinsa na asali, yanayin SATA ya juya daga IDE zuwa AHCI, sabon yaren magana da faifan SATA, XP kuma ba ta zo da direban AHCI ba, sai daga Vista aka sa shi. Shiga BIOS, ka mayar da shi IDE, wani wuri Compatibility ko Legacy ake rubutawa, ka sauya batirin. Irin waɗannan ba sa bukatar adafta, SSD kai tsaye ake sa musu. Banda madabod masu ƙwayar VIA VT8237, waɗanda ba sa ganin faifan da ya fi SATA na farko gudu. Faifai masu juyi na lokacin suna da jampar rage gudu zuwa gigabit 1.5, SSD kuwa ba shi da ita, don haka a irin wannan madabod gara a bi ta tashar IDE da adafta.

Akwai waɗanda za su ce a bar duk wannan, a sa manhajar Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive ta yaudari BIOS ya karɓi babban faifai. Tana aiki, ta yi wa mutane rana a shekarun 1990. Amma tana zaune ne a farkon faifan, idan ka tashi kwamfutar daga fulofi ba ta bi ta kanta ba, ko ka kai faifan wata kwamfuta, fatishan ɗin sai su bayyana a karkace. Tunda yanzu ƙaramin kati mai daidai bakin BIOS yana samuwa, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

Idan 486 ce ko Pentium na farko a gabanka, katin CF na masana'antu wanda bai wuce shingen BIOS ɗinta ba. Idan Windows 98 ce a Pentium II ko III, CF ko ƙaramin SSD duk sun yi, ka duba shingen 33.8 kafin ka saya. Idan 2000 ce ko XP, SSD da adafta mai kyau da sabon kebul mai waya 80. Kowanne ka ɗauka, bayan an gama ɗora komai, injin ya amsa, manhaja ta buɗe, cire sabon faifan ka kwafe hotonsa ka ajiye a wuri biyu, tare da direbobin madabod da na katunan da ke ciki, domin shafukan kamfanonin da suka ƙera su da yawa sun riga sun sauke su. Ka rubuta saitin BIOS a takarda, har da lissafin silinda da kai idan da hannu aka shigar, ka manna ta a cikin murfin akwatin.